Da Wane Mudu A Ke Auna Malamin Birane?

Ran 4 ga watan Agusta 2022 aka yi rashin Shaihun Malami Akinlawon Ladipo Mabogunje, yana da shekara 90 a duniya. Ta wajen asali Bayarabe ne, mutumin Ijebu, amma a Kano aka haife shi, ran 18 ga Oktoba 1931, sa'ad da jirgin ƙasa bai fi shekara 20 da isowa birnin ba. Ya yi karatu a Badun da Landan, ya sami digirin dakta a 1961, a 1965 kuma ya zama shaihun malami a Jami'ar Badun, shi ne kuwa ɗan Nijeriya na fari da ya hau wannan kujera a fannin labarin ƙasa. Abin da ya ƙarar da ransa a kai shi ne birane: yadda su ke kafuwa, da abin da ke jawo mutanen ƙauye zuwa cikinsu, da dalilin da ya sa wata unguwa ta kan sami titi da famfo, maƙwabciyarta kuwa ta zauna cikin cunkoso.

Girmamawar da duniya ta yi masa ba kaɗan ba ce. Daga 1980 zuwa 1984 shi ne shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya duka, ba a kuwa taɓa ba wani ɗan Afirka wannan muƙami ba kafinsa. A 1999 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta zaɓe shi cikin 'ya'yanta na ƙasashen waje. A 2017 aka ba shi lambar Vautrin Lud a Faransa, wadda masu wannan fanni su ke ɗauka ita ce ƙololuwa.

To, amma a zamanin nan in ana maganar darajar malami ba a kan tsaya ga lambobin girma ba, sai an kawo lissafi: takarda nawa ya rubuta, sau nawa kuma waɗansu suka ambace shi. Da irin wannan lissafi jami'o'i da yawa su ke ƙara wa malamansu girma, da shi kuma a ke jera jami'o'in kansu, a ce wannan ce ta ɗaya, waccan ta ɗari biyar. 'Ya'yanmu da almajiranmu da suka kama aikin jami'a da wannan mudu a ke auna su. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki mudun mu jujjuya shi mu ga ko cikakke ne, babu kuwa hatsin da ya fi dacewa a gwada shi da shi kamar aikin wannan malami.

Asalin Ƙirgar

Ambato dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji yadda a ke cewa wane ya faɗa a littafi kaza, shi kuma ya karɓo daga wane. Wanda ya yi aikin rubutu a ɗakin shari'a kuma ya ga yadda alƙali ba ya yanke hukunci sai ya nuna inda ya dogara. Haka malaman jami'a su ke yi. In ɗayansu ya yi amfani da maganar wani, wajibi ne ya rubuta sunansa da sunan takardarsa a gindin shafi ko a ƙarshen littafi. Abin da ke sabo kaɗai shi ne a zauna a ƙirga.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield shi ya kawo shawarar a 1955. Daga wajen lauyoyin ƙasarsu ya aro dabarar, gama su tun tuni suna da littattafan da ke nuna wace shari'a ce ta kafa hujja da wace. A 1964 ofishinsa da ke Filadelfiya ya fito da fihirisa ta fari ta takardun kimiyya. Nufinsa na asali shi ne a sauƙaƙa wa mai bincike, watau in ya sami takarda mai kyau ya iya bin sawun waɗanda suka ɗora a kanta daga baya. Amma abin da aka ƙera don neman hanya ba a daɗe ba aka mai da shi sikeli. Da intanet ta kafu, a 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar, ƙirgar da dā sai an tona manyan littattafai ta zama abin da kowa zai duba cikin ƙiftawar ido.

A 2005 kuma wani masanin kimiyya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙago ma'aunin da a ke kira da harafin h. Ga yadda ya ke. In aka ce ma'aunin malami 20 ne, ana nufin yana da takarda 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Wanda ya rubuta takarda 100 amma ba wanda ya kula da su, ma'auninsa ba zai tashi ba. Wanda kuma ya rubuta littafi ɗaya tak, ko da an ambace shi sau 10,000, ma'auninsa 1 ne, ba ƙari. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kada mu yi wa mudun zalunci, lalle yana da amfani. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma ya san yadda sanayya ta kan shiga, a ɗaga wanda ya iya gaisuwa a bar mai aiki. Lissafi kuwa bai san ɗan wane ba. Ya kan kuma nuna cewa maganar da aka rubuta a Badun ko Zariya ta isa kunnen mutanen da ba su taɓa taka ƙasan nan ba, abin da dā ba mu da hanyar tabbatarwa.

Takarda Mai Shafi 18

A 1970 Mabogunje ya buga wata gajeriyar takarda mai shafi 18 a wata mujallar Amurka mai suna Geographical Analysis, a kan ƙaurar mutanen ƙauye zuwa birni. Ita ce ta fi yawancin ayyukansa shiga bakin malamai a duniya, waɗanda suka ambace ta sun wuce dubu.

Kafin wannan takarda, yawancin masu bincike suna ɗaukar ƙaura kamar hanya miƙaƙƙiya ce: talauci ya tunkuɗo mutum daga ƙauye, albashi ya jawo shi birni, shi ke nan. Shi kuwa sai ya ce abin kewaye ne, yana da ƙofofi da masu gadi. A ƙauye akwai iyaye da dattawa da dokar gadon gona, su ke yanke wa zai tafi wa zai zauna. A birni akwai hukuma da masu gidajen haya da masu ba da aiki, su ke yanke wa zai sami wurin sa haƙarƙari. Babbar maganar kuwa ita ce labarin da ke komawa gida. In wanda ya fara tafiya ya dace, ya aiko da kuɗi ko ya zo Salla da sabuwar riga da keke, to, ya buɗe hanya, ƙannensa za su bi shi zuwa gari ɗaya, unguwa ɗaya, sau da yawa ma sana'a ɗaya. In labarin ya zama na wahala, hanyar ta kan toshe da kanta.

Mun san mai karatu zai yi murmushi, ya ce ai wannan kowane ɗan ci-rani ya san shi. Gaskiya ne. Wa bai ga yadda 'yan ga-ruwan wata unguwa duka su kan zama 'yan gari ɗaya ba, ko masu shayin wata tasha? Amma sanin abu daban, tsara shi yadda wani a wata ƙasa zai ɗauka ya gwada da mutanensa daban. Abin da malamin ya yi ke nan.

Abin lura a nan shi ne ba nan da nan takardar ta yi tashe ba. Sai da aka shekara 20 da wani abu, sa'ad da ƙaura tsakanin ƙasa da ƙasa ta dami Turai da Amurka, sa'an nan masu binciken wannan al'amari suka waiwayo ta, suka ga tsarin da aka yi don ƙauyen Afirka ya dace da mai barin Maroko zuwa Faransa. Bayan shekara ta 2000 ma malamai irin su Hein de Haas da Oliver Bakewell a Jami'ar Okusfod suka sake tono ta suna muhawara a kanta. Da tsohuwar zuma a ke magani. Da an ce a auna takardar bayan shekara biyu ko biyar da fitowarta, yadda a kan yi wa samarin malamai yanzu, da ba a ga rabin nauyinta ba. Kuma in aka duba da kyau, yawan ambaton nan yana nuna abin da ya dami masu ambaton ne. Ƙofar Turai ce ta tsaya musu a rai, sa'an nan suka tuna da mu.

Birni Biyu A Gari Ɗaya

Aikinsa da ya fi shafarmu shi ne littafin da aka buga a Landan a 1968, mai suna Urbanization in Nigeria, watau bunƙasar birane a Nijeriya. A lokacin akwai masu ɗaukar cewa zaman birni Turawa ne suka kawo shi Afirka. Littafin ya bi tarihi ya nuna Kano da Katsina da Zariya sun kafu tun ɗaruruwan shekaru a kan fataucin Hamada da sana'o'in hannu, ƙasar Yarbawa kuma tana cike da manyan garuruwa tun Bature bai zo ba. Sa'an nan ya nuna yadda hanyar jirgi ta sāke rabon arziki: garuruwan da dogo ya bi suka tashi, sababbi irin su Kaduna da Inugu da Fatakwal suka tsiro, waɗansu tsofaffin da ya kauce wa kuwa suka yi baya.

Daga nan a ke gane yadda gari ɗaya ya zama biyu. Dokar garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwa aji uku, Ikko kaɗai ce a aji na fari. Inda Turawa da kantuna da ma'aikatan jirgi suka zauna, nan aka yi safiyo, aka ja tituna, aka yanka filaye. Cikin ganuwa kuwa aka bar wa Sarki da En'e. Wannan ya tsare wa tsohon birni al'adarsa da fasalinsa, ba mu musu, amma ya bar shi a baya wajen hanya da magudanar ruwa, kuma wannan rata ce a ke ta fama da ita har bayan mulkin kai.

Tun a 1962 ya riga ya bayyana yadda tsakiyar Badun ta cushe. Dā kowace zuriya tana da babban gida ɗaya mai fili a tsakiya. Da zamani ya sāke, kowane magidanci ya so nasa na kansa, sai aka yi ta tsaga babban gidan ana cike filin da ƙananan gidaje, har ya zama babu inda mota za ta bi, babu inda ruwa zai wuce. Garin ya yi ta ƙaruwa ta ciki, ba tare da ya faɗaɗa ba.

Wanda ya san birnin Kano ya karanta wannan dole ya ga kamar da shi a ke. Sa'ad da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, ya tarar babban rabo na ƙasar da ke cikin ganuwa gonaki ne da fili. Da gangan magabata suka bar shi haka, domin in an kewaye gari da yaƙi a sami abin ci. Kududdufai kuma, da aka samu ta wajen haƙar ƙasar gini, su ke shanye ruwan damina. Yau gonakin sun zama unguwanni, kududdufai da yawa an cike su an yi gini, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya. Littafin Mabogunje ba littafin adana kayan tarihi ba ne. Damuwarsa ita ce cunkoso da rashin aiki da raunin hukumomin gari, ya kan dubi tsohuwar unguwa da idon likita mai neman ciwo. Wanda ke neman yadda a ke ɗaura bakan gizo a soro ba zai samu a ciki ba. Amma wanda ya yarda da hujjarsa, cewa birnin cikin ganuwa birni ne cikakke mai tsari nasa tun asali, to, da wuya ya ɗauki ganuwar tarin ƙasa ce da ta tare hanya.

Abin Da Bai Shiga Mudu Ba

A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke a kafa sabon babban birnin tarayya a Abuja. Shirin farko shi ne a kwashe dukan mutanen da ke zaune a yankin, Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da sauransu, a kai su waje, a bar ƙasar fayau. Aka ɗora wa Mabogunje da abokan aikinsa su bi yankin su binciki ƙasar, su ƙirga mutane da dukiyarsu domin biyan diyya.

Abin da suka komo da shi ya girgiza shirin. Mutanen sun fi yadda a ke zato yawa nesa ba kusa ba, diyyarsu kuwa za ta ci kuɗin da gwamnati ba ta shirya ba. Ban da haka, suka tarar akwai ƙudan tsando a yankin, a bakin rafuka kuma akwai ƙudan nan mai kawo makanta, in kuwa aka kwashe manoma daji ya rufe, ƙwarin ƙaruwa za su yi. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sāke shawara, aka ce waɗanda ginin birnin ya shafa kai tsaye su kaɗai za a tayar. Ba mu ce wannan ya share hawayen mutanen yankin ba, gama kukan filaye da diyya bai ƙare ba har bayan da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991. Amma dubban iyalai sun ci gaba da kwana a ƙasar kakanninsu, kusa da kaburburansu da duwatsunsu, binciken nan kuwa yana cikin dalilan haka.

To, ina wannan aiki ya ke a cikin mudu? Rahoton gwamnati ba mujalla ba ne, ba ya shiga fihirisar Garfield, ko an ambace shi ma jefi-jefi ne. Manomin da bai tashi daga gonarsa ba kuwa ba ya rubuta takarda balle ya sa sunan wani a gindin shafi.

Haka kuma a 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi shugaban kwamitin gyaran sha'anin filaye. Kwamitin ya sha nanata cewa filayen ƙasan nan da ke da rajista ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba, ya kuma ba da shawarar a bi unguwa unguwa, gida gida, a auna, a tara maƙwabta su shaida iyaka, a ba kowa takardarsa, aka zaɓi jihohin Kano da Ondo don gwaji. Duk akawun da ya taɓa zama kan rigimar iyakar gida a gaban hakimi ya san nauyin wannan magana. Ita ma ba ta ƙara wa ma'aunin h kome ba.

Mai Awon Soraye

Domin a ga inda mudun ya fi gazawa, sai mu bar mai tsara gari mu dubi mai adana shi. A 1958 wani mai zanen gine-gine daga ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya kama aiki da ma'aikatar kayan tarihi ta Nijeriya. Shi da mataimakansa 'yan ƙasa suka yi shekaru suna bin gari gari da igiyar awo da takarda, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa, suna zana su daki-daki. Daga baya ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwatankwacin wani yanki na ganuwar Kano da Masallacin Jumma'a na Zariya. Ya rasu a 1982, littattafansa uku kuwa ba su fito ba sai 1990, na farkonsu a kan Arewa.

Masallacin nan na Zariya Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Masana gini na duniya suna lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani a wurin, aka rufe abin da ya rage na tsohon a cikinsa, waɗansu sassa kuwa suka tafi. Wanda ya so sanin yadda ya ke tun asali, awon da irin su Dmochowski suka yi shi ne madogararsa.

Yanzu mai karatu ya tuna da abin da muka ce ya riƙe. Mutum ya yi shekara 20 da wani abu yana aiki, ya bar littafi uku. In da waɗannan kaɗai za a auna shi, ko duniya duka ta ambace su ma'auninsa ba zai wuce 3 ba. Saurayin da ya tsaga bincike ɗaya gida goma ya rarraba wa mujallu, shi da abokansa suna ambaton juna, cikin shekara biyar zai wuce shi. Babban Gwani kuwa, wanda kowa ke cin albarkacin aikinsa, ba shi ma cikin lissafin.

Akwai kuma wani gurbi. Mafi yawan mujallun da a ke bugawa a jami'o'inmu ba su shiga manyan fihirisoshin nan ba, abin da aka rubuta da Hausa ko ajami kuwa ba a ma zancensa. Ɗakunan karatu na Zariya da Kano cike su ke da kundayen ɗalibai a kan unguwanni da kasuwanni da ƙofofi, waɗansu babu kamarsu, amma mudun bai gan su ba. Abin da ke damunmu shi ne abin da wannan ke koya wa matashin malami. In ya ga awon Ƙofar wane ba zai kawo masa ƙarin girma ba, rubutu a kan abin da ke tashe a Turai kuwa zai kawo, to, ba sai an gaya masa inda zai sa gaba ba, ba kuwa za mu zarge shi ba, shi ma yana da iyali. Masana kimiyya na can ma sun farga, har a watan Disamba 2012 waɗansunsu suka taru a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki, a karanta aikin kansa.

Ganuwar kuwa ba ta jira a gama muhawara. Bisa ga tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta, har kewayenta ya fi mil 10. An sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, a 2007 kuma Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da ta ke fatan hukumar UNESCO ta karɓa. Duk da haka wurare da yawa babu ko alamarta, an kwashe ƙasar an yi tubali, an yanka wurin an yi shaguna. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Rubuce-rubuce a kan ganuwar suna ƙaruwa kowace shekara, ita kuwa tana raguwa kowace damina.

Rabon Akawu Da Malamin Makaranta

Wataƙila akawu ya ce, mu ina ruwanmu da wannan, ai faɗan manya ne. To, bari mu bi silsilar ambaton nan har gindinta. Malamin Okusfod ya ambaci Mabogunje. Mabogunje kuwa da me ya yi aiki? Da ƙidayar jama'a ta 1952 da 1953, da rahotannin hukuma, da tsofaffin taswirori. Wa ya bi gida gida ya yi ƙidayar? Malaman makaranta da akawunan En'e, tare da dagatai da masu unguwa. Wa ya rubuta littafin haraji da na kasuwa da na filaye waɗanda masu bincike su ke zuwa karantawa a gidan adana takardun tarihi na Kaduna? Su ɗin ne dai. Ba a ambaci sunan ko ɗayansu ba, amma da ɗayansu ya zauna a inuwa ya cike takarda da ka, da ƙaryarsa ta bi silsila har Ingila.

Mun taɓa shiga wani ofis muna neman tsohon littafin filaye na wata unguwa, domin wata makaranta da maƙwabta suka ci iyakarta. Aka kai mu wani ɗaki a baya, aka buɗe. Rufin yana yoyo, gara ta gina gida tun daga ƙasa har saman kanta, littafin da mu ke nema muka ɗauko shi ya zube a hannunmu kamar dusa. Mai riƙe da mabuɗin ya ce mana ai tsofaffin takardu ne, ba mai tambayarsu. Makarantar ta rasa filin wasanta.

Ga malaman makaranta kuwa akwai misali mai kyau. Fiye da shekara 50 da suka wuce wani malamin Turanci da ya yi aiki a Kano, H. L. B. Moody, ya bi ganuwar birnin ƙofa ƙofa, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa, ma'aikatar kayan tarihi ta buga shi a ɗan ƙaramin littafi. Shi ba magini ba ne, ba kuma masanin tsarin gari ba. Amma masu rubutu a kan ganuwar Kano har yanzu suna komawa gare shi, domin ya ga abin da su ba za su ƙara gani ba.

Irin wannan aiki bai fi ƙarfin ɗan aji shida da malaminsa ba. Kusan kowane tsohon gari a ƙasan nan yana da guntun ganuwa, ko marina, ko tsohuwar rijiya, ko zauren da wani gwani ya ɗaura. A fita da yara wata ranar Asabar da igiyar awo, a auna tsawo da faɗi da kauri, a zana, a ɗauki hoto. A nemi dattawan unguwa a tambaye su wa ya gina, a zamanin wane sarki, daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar, me ke wurin kafin a yi titi. A rubuta da Hausa yadda suka faɗa, a sa sunan mai ba da labarin in ya yarda, da sunan unguwa, da kwanan wata. Sa'an nan a yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a gidan hakimi, na ukun a aika da shi gidan adana kayan tarihi mafi kusa, a kuma karɓo takardar shaidar cewa ya isa.